Daga Aboabo zuwa Nima a jirgin sama

Duk mai tsohuwa a gida da tafiya ta kama ta zuwa Akra, ya daure ya saya mata tikitin jirgi. Ni da Hajiyarmu muka tashi daga Kumasi a jirgin Africa World Airlines za mu sunan jikarta a unguwar Nima ta Akra, kuma kuɗin nan bai tafi a banza ba.

Ta sama, tsakanin garuruwan biyu kusan kilomita 200 ne, jirgi na cinye su cikin kamar minti 40. Ta ƙasa kusan 250 ne, amma wanda ya saba da hanyar ya san ba tsawonta ne matsalar ba. Ga cunkoson Ejisu, ga manyan motocin kaya a wajen Nkawkaw, ga kuma shiga Akra bayan an wuce Nsawam. Awa biyar ko shida mutum na zaune, mai ciwon baya irin Hajiya sai ta kwana biyu tana jinya.

Mu mutanen zango ma abin ya fi yi mana daidai. Filin jirgin Kumasi, wato Prempeh I, wanda aka buɗe sabon gininsa a 2024, maƙwabcin unguwar Aboabo ne, Nima kuma ba ta da nisa da filin Akra. Tasi nan, tasi can, shi ke nan.

Jirgin ƙarami ne, Embraer mai kujeru 50, ɗaya a hagu biyu a dama, dogon mutum sai ya sunkuya a ciki. Hajiya ta hau matakala a hankali, ba wanda ya matsa mata. Ma'aikaciyar jirgin ta durƙusa ta ɗaura mata bel da hannunta, ta ajiye mata sandarta. Wannan ya shiga raina sosai. Da muka ɗaga, Hajiya ta runtse ido tana jan carbi, ba ta kai ƙarshen wuridinta ba aka ce a shirya sauka. Ta dafa ni ta ce, “Kai ɗan nan, Akran ke nan?”

Sai dai kada minti 40 ɗin su ruɗe ka. Ana so ka isa fili kamar awa guda kafin tashi, da katin shaidarka a hannu, ga jiran jaka bayan sauka. Daga ƙofa zuwa ƙofa ka lissafa awa biyu da rabi zuwa uku. Kuɗin ya ninka na bas sau da yawa, yana kuma ƙara hawa idan ka bari sai ranar ta matso. Kaya a kan sikeli suke, don haka mai ɗauko haja daga kasuwar Kejetia gara ya nufi tashar bas ta Asafo.

Lokacin hunturu, wajen Disamba da Janairu, hazo kan jinkirta tashin jirage. In suna ne ko ɗaurin aure, a tafi tun ana gobe.