Faifan birki na 160, 180 ko 203: wanne za ka sa wa keken dutsenka?

Malam, ka ce kekenka ya zo da faifan birki na milimita 160 gaba da baya, nauyinka ya kai kilo 90, kuma in ka daɗe kana gangara sai birkin ya yi sanyi a hannu. Kana tambaya ko 180 za ka saya ko ka tsallaka zuwa 203.

Sanyin nan da kake ji, zafi ne ya jawo shi. Faifan da takalmin birkin sun ɗauki zafin da ya fi ƙarfinsu, sai kamun ya ragu ko da ka matse iya matsewa. Ƙaramin faifai ƙarfensa kaɗan ne, nan da nan yake ɗaukar zafi. Na 160 bai da laifi: ga sauƙin nauyi, ga shi ba ya saurin lanƙwasa in ya bugi dutse. Mutum mara jiki da ke yawo a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kano, ya ishe shi har ya yi yawa. Amma mai kilo 90 a gangaren duwatsu irin na Jos, ya yi masa kaɗan.

Na 180 yana nisanta wurin kamu daga tsakiyar taya, kamar yadda doguwar sifana ke kwance notin da gajeriya ta kasa. A lissafi ƙarin ƙarfin ya kai kashi 12 cikin 100 da ɗan ɗoriya, da matsa iri ɗaya. Abin da ya fi burge ni ma shi ne hannu ba ya gajiya, yatsa ɗaya ya isa, sauran suna riƙe da kan keke. Ƙarin nauyin kuwa giram kaɗan ne, ba za ka ji shi ba.

Na 203, wanda kamfanin Shimano ke yi (kamfanin SRAM nasu 200 ne, har da 220), yana ƙara kusan wannan kason a kan 180. An yi shi ne don masu tseren gangara da kekuna masu batir. A ƙasa mai tsakuwa kamunsa na iya yin kaifi har taya ta kulle ta zame, kuma ya fi saurin karkacewa ya riƙa gugar takalmi.

Ni dai shawarata, sa 180 a gaba, ka bar 160 a baya tukuna. Idan ka taka birki nauyi gaba yake komawa, tayar gaba ce ke yin mafi yawan aikin. In bayan ya ci gaba da zafi, sai shi ma ka ɗaga shi.

Kafin ka biya kuɗi, don Allah duba iyakar girman da kamfanin ya yarda a sa wa fok ɗinka (ƙafafun da ke riƙe tayar gaba), domin wuce ta na iya fasa wurin ɗaurin, kuma wannan ba abin wasa ba ne a gangara. Za ka buƙaci adafta (ɗan ƙarfen da ke ɗaga kan birkin ya dace da babban faifai) mai ƙarin milimita 20. Ka kuma duba ko faifanka mai kusoshi 6 ne ko Center Lock (wanda ake ɗaurewa da zobe ɗaya a tsakiya). Idan ka ɗaura sabon, ka yi ta gudu kana rage shi da birki sau da yawa ba tare da tsayawa cak ba, har takalmin ya zauna a kan faifan, sannan ka nufi dutse.