Tankin kifin ya yi, amma ƙafar kujerar nan sai haƙuri

Jama'a ga ra'ayina akan ƙaramin jirgin kamun kifi na alminiyom mai ƙafa 16 da na saya na hannu anan jihar Minnesota ta Amurka, tunda wasu 'yan uwa sun dame ni da tambaya musamman akan tankin da ake zuba kifi ya zauna da ransa da kuma kujerun nan da ake cirewa a mayar. Maganar inji ba yau ba. Tankin dai ya ci kuɗinsa, kujera kuwa har yanzu muna kai ruwa rana da ita.

Tankin yana gaba ƙarƙashin wajen tsayuwa, da murfinsa, yana cin galan 15 wato kusan lita 57. Can baya ƙasa da inda ruwa yake kaiwa akwai wani rami da 'yar rariya a bakinsa, ta nan ne ƙaramin famfo mai aiki da batir 12V yake zuƙo ruwan tafki ya turo ta tiyo ya feso shi cikin tankin ta sama, kuma feshin nan shine yake saka iska a ruwan, ba ado bane. In ya cika sai rarar ta bi wani bututu da yake tsaye a ciki ta koma tafki. Makunnin hawa uku ne, a kashe, ko ya yi ta aiki ba tsayawa, ko kuma otomatik ya ɗan yi ya huta ya sake tashi don kar ya shanye maka batir. A jikin famfon an rubuta 500 GPH, galan 500 a awa kenan, kusan lita 1,900, amma wannan lissafin takarda ne, da zarar ruwa zai hau sama ya bi tiyo mai lanƙwasa to abinda yake isowa bai kai haka ba.

Wani dattijo ɗan Yawuri da muke fita tare, Kawu nake ce masa, da farko dariya ya yi ta yi, wai duk wannan waya da famfo akan kifi, alhali a gida baho ne da ɗan ruwa a zuba tarwada ta wuni a kasuwa tana motsi. Gaskiyarsa amma ai tarwada daban ce, Allah ya yi mata abin shaƙar iska a saman ruwa bayan wanda sauran kifaye suke da shi. Su walleye da bass da crappie na tafkunan nan basu da wannan gatan, ka bar su a ruwan da baya canzawa cikin zafin Yuli kafin ka ankara sun juya ciki sama.

To matsalar da tafi yawa, wadda kuma take sa mutane su sayi sabon famfo a banza: ka kunna, kana jin kukansa zuuu lafiya lau amma ko ɗigo babu a tanki. Iska ce ta maƙale a ciki. Irin wannan famfon baya iya jawo ruwa da kansa in akwai iska a cikinsa, dole sai ruwan ya same shi, shi yasa ake ɗaura shi ƙasa da layin ruwa. Yawanci bayan an sauke jirgi daga tirela ne yake yi ko bayan an yi gudu. Maganin kuma ba ko sisi, ka bar shi a kunne ka saka inji a ribas ka ɗan ja baya da ƙarfi na 'yan daƙiƙu, ruwan da zai bugi bayan jirgin shi zai tura iskar waje, sai kawai kaji feshi ya dawo. Wallahi ranar da na nuna ma Kawu wannan sai da ya ce in sake ya gani. Sannan in jirgin ya ɗaga yana gudu sosai kar ka yi tsammanin ruwa zai shigo, ramin baya samun ruwa a lokacin, anan ne ake juya bawul ɗin da yake buɗewa da rufe hanyar ruwan zuwa wajen da zai riƙa juya ruwan cikin tankin kawai yana fesowa. Nawa yana da wannan kuma na yaba.

In ribas bai yi ba sai ka duba rariya. Tafkin Minnetonka cike yake da wata ciyawar ruwa baƙuwa da ake kira milfoil, tun 1987 aka fara ganinta a can, kuma ba abinda take so kamar ta lulluɓe bakin rariyar nan. Hannu zaka sa ka yaye. In kuma shiru kake ji gaba ɗaya ko kuka babu, fara da fis kafin komai, sannan wayoyin da suka yi kore saboda danshi, sannan ka buɗe famfon. Abinda ya burge ni anan shine famfon irin wanda motarsa, wato ɗan injin da yake juya shi, take fita ne, ka danna ɗan harshen ka murɗa sai ta zaro ba sai ka taɓa tiyo ko ramin ba, kuma abinda na tarar zaren fatsa ne ya nannaɗe farfelar tam har da ɓawon kifi. Na sa reza na yanke na mayar, shikenan. Ko sabuwar motar ce lokacin da na saya bata kai dala 50 ba a shagunan kayan jirgi irinsu West Marine ko Bass Pro Shops, ni ina ajiye guda a akwatin kayan aiki. Amma fa in zaka zaro ta kana kan ruwa ka fara toshe ramin ko ka rufe bawul, in ba haka ba tafki zai shigo maka jirgi.

Zafi shine babban abokin gaba. Ruwa mai digiri 20 na ma'aunin Celsius yana riƙe oksijin kusan miligiram 9 a lita, in ya kai digiri 30 sai ya sauko wajen 7 da rabi, gashi kuma a lokacin ne kifin yafi buƙatarsa. Don haka da rana tsaka ni bana barinsa a otomatik, ci gaba da aiki nake sakawa, in jefa gorar ruwa mai ƙanƙara guda a ciki, ba wai ka juye ƙanƙara buhu guda ba don sanyin farat ɗaya shima yana kashe su. Kuma kar a cika kifi kamar ana lodin mota, tankin galan 15 ba kogi bane.

Sai doka, don anan ba wasa. Kifin da ka saka a tanki ya shiga lissafin adadin da aka yarda ka kama, kuma in ka cika adadin babu zancen fitar da ƙarami ka saka babba. Kafin ka bar bakin tafki kuma dole ka zubar da ruwan tankin kaf ka cire matoshin ramin fitar da ruwa na jirgin ka tafi da shi a cire, jami'an DNR, wato hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar, suna tsayawa a wuraren sauke jirgi suna dubawa. Dalili wasu ƙananan halittun ruwa ne masu ƙwanso kamar dodon koɗi, masu zane da ake kira zebra mussel, a 1988 aka fara ganinsu a tafkin St. Clair da yake iyakar Amurka da Kanada, jiragen dakon kaya ne suka kwaso su daga Turai, 'ya'yansu ido baya gani kuma a ɗan ruwan tankin nan suke bin mutane daga tafki zuwa tafki. Kenan kifinka a kula mai ƙanƙara zai isa gida. Kafin hunturu ma ka tabbata babu ruwa a famfo da tiyo, in ya daskare fasa su yake yi.

Yanzu kujera. Tsarin dai mai kyau ne a ido, faranti a ƙasa an ɗaure da noti, sandar ƙarfe ta shiga ciki, kujera a samanta tana juyawa duk inda kake so. Nawa mai siririn tsinke ne na inci 3/4, da 'yar robar da take riƙe shi a cikin ramin. Robar nan ta cinye, to kana zaune kana jiran kifi kujera tana rawa da kai gaba da baya tana ƙiƙi-ƙiƙi, ga bayana dama ba lafiya ce ta ishe shi ba. Robar dai araha ce na canza. Wadda ta ban haushi ita ce sandar gaba mai gas ɗin nan irin ta kujerar ofis, ka ɗaga ta sama ka zauna, a hankali a hankali sai ka ga gwiwarka ta kusa haɓarka, gas ya tsiyaye kuma ba'a gyarawa sai dai sabuwa. Wanda ya sayar min ko uffan bai ce ba akan wannan.

Ta baya kuma ƙin fita ta yi sam. Yashi da tsatsa sun haɗe ta da farantin, sai da na fesa man kwance noti na bar shi ya kwana, washegari na rungumi kujerar ina murɗawa Kawu yana bubbuga gindin da gudumar roba sannan ta saki. Tun daga nan cire su nake yi bayan kowace fita in goge in shafa ɗan giris. Da na ɗaga farantin kuma sai naga sukurori ne kawai aka murɗa a katakon daɓen, biyu ma har sun fara tsugewa, na canza su da noti mai ratsawa da washa a ƙasa, na silba wanda baya tsatsa. Haba, mutum mai nauyi zai jingina a kai ana igiyar ruwa, ace sukuru ne kawai?

Kuma dan Allah kar wanda ya zauna akan doguwar sandar gaba jirgi yana gudu. Irin waɗannan an yi su ne don lokacin da ake tsaye ko tafiyar da bata wuce mil 5 a awa ba, galibi ma akwai sitika a jikinsu da ta faɗi haka, kujerar direba ce aka yi don gudu.

Tanki zan bashi 8 cikin 10, kujeru 4 kuma na yi musu kara. Mai shirin canza sanda ya auna ramin farantinsa tukuna kafin ya yi oda, akwai na inci 3/4, akwai 2 3/8, akwai 2 7/8, kuma ko faɗin ya zo ɗaya makullin wani kamfani ba lallai ya shiga na wani ba. Ni dai wadda na yi oda yanzu sanda ce zalla, babu gas babu komai.