Koren Shayi ko Madara: Wanne Zai Fara Shiga Jakar Cefane?

Kwanakin baya na raka wata yayata Kasuwar Singa yin sayayyar wata. Da muka isa shagon kayan shayi sai ta ture gwangwanin madarar da ta saba ɗauka, ta ce a miƙo mata kwali biyu na koren shayi, wai ita da madara sai dai a gaisa, tumbi take so ta rage. Mai shago bai ce uffan ba, tunda ko ta ina ciniki ne ya zo masa. Ni ne na ce, "Yaya, to yaran fa, da me za su karya?" Ta ce ai shayi shayi ne.

Ba haka ba ne. Madara abinci ce, koren shayi kuwa ruwan zafi ne da ganye ya ba shi ƙamshi da ɗan amfani. Kowanne da aikinsa, ɗaya ba ya tsayawa a gurbin ɗaya.

Kofi guda na madarar shanu da ba a cire mata mai ba, wato kamar mililita 250, yana ɗauke da kalori (ma'aunin ƙarfin abinci) wajen 150, furotin mai gina jiki giram 8, mai giram 8, da sukarinta na halitta giram 12. Sai kalsiyum mai ƙarfafa ƙashi da haƙori, kusan miligiram 300, alhali abin da baligi yake buƙata a yini bai wuce kimanin 1,000 ba. Ga kuma bitamin B12 da B2. Inda madara ta gaza shi ne sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini da kuma bitamin C, duka biyun ba ta da su sosai.

Irin wannan kofin na koren shayi ba tare da sukari ba, kalorinsa bai kai a ƙirga ba. Babu furotin, babu mai, babu kalsiyum na a zo a gani. Dukiyarsa wasu sinadarai ne da ake kira katekin, masu taimaka wa ƙwayoyin jiki wajen kare kansu daga lalacewa, sai kafeyin mai wartsakar da mutum, kimanin miligiram 30 a kofi, wajen kashi ɗaya cikin uku na abin da ke cikin gahawa. Itaciyarsa ɗaya ce da ta baƙin shayin da masu shayi ke dafa mana a bakin titi. Bambancin a sarrafawa yake: da an tsinko ganyen ake turara shi ko a gasa shi a kasko kafin iska ta sa ya yi duhu, shi ya sa yake riƙe launinsa da yawancin katekin ɗinsa.

Abin dariyar shi ne mun daɗe muna shan koren shayi a Kano ba mu kira shi da wannan sunan ba. Atayan da Buzaye ke dafawa a 'yar buta kan gawayi, su yi ta juya shi tsakanin ƙananan kofuna har ya yi kumfa, koren ganye ne daga China, wanda ake murzawa ƙulu-ƙulu kamar harsashi. Sai dai sukarin da ake antaya masa ya isa ya rusa duk wani lissafin rage ƙiba. Ƙaramin cokali ɗaya na sukari giram 4 ne, kalori 16, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kamar ƙaramin cokali 12 ga baligi. Wanda ya zauna majalisa aka yi zagaye uku na ataya, ya lissafa da kansa.

Batun rage tumbi kuwa, gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane sun nuna abin da koren shayi ke ragewa shi kaɗai ɗan kaɗan ne ƙwarai. Inda yake yin aiki na gaske shi ne idan ya kori lemon kwalba ko shayi mai kauri na biyu da na uku daga yininka. A kuma yi hattara da kwalayen da ake tallata su da sunan shayin rage ƙiba. Da yawansu an haɗa su da filasko ne, mutum ya wuni yana zaryar banɗaki ya ɗauka kitse ne ke narkewa, alhali ruwan jikinsa ne ke tafiya.

Akwai waɗanda koren shayi ba nasu ba ne, ko kuma sai da lura. Yana rage yawan sinadarin ƙarfen da hanji ke tsotsa daga wake da alayyahu da zogale idan an sha shi tare da abinci, don haka mai ƙarancin jini ya bar tazarar awa ɗaya ko fiye. Mai juna biyu ta riƙe lissafin kafeyin, likitoci da yawa na cewa kada ya haura miligiram 200 a yini. Wasu kuma in sun sha shi ciki babu komai sai tashin zuciya, wanda ya sa ban ga hikimar buɗa baki da shi a watan azumi ba. Ita ma madara ba a haɗiyar ƙwayar ƙarin jini da ita, domin kalsiyum na tare mata hanya. Jariri kuwa da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai, babu shayi babu madarar shago.

Wajen sayen madara ne aka fi shan wahala, don ba duk farin gari ne abu ɗaya ba. Peak, Dano, Nido, Cowbell, Three Crowns, duk ga su jere a kanta, amma rubutun jikin ledar ya fi sunan muhimmanci. Wadda aka rubuta wa "Full Cream" ita ce mai ɗauke da man shanunta na asali. Wadda aka rubuta wa "Filled" an cire man shanun an maye shi da man tsirrai, galibi na kwakwar manja. Ba haramun ba ce, ba kuma jabu ba ce, ta fi araha, amma ka san abin da ka biya kuɗinsa, ka kuma duba yawan furotin a giram 100 ka gwada da na ɗayar. Madarar ruwa ta gwangwani iri biyu ce: wadda aka ƙafe ruwanta kawai, da mai yauƙin nan wadda sama da kashi 40 cikin 100 nata sukari ne. Akwai kuma garin da ake yi don farar da shayi kawai, mai da sitaci mai zaƙi ne suka fi yawa a cikinsa, yaro ba zai ƙaru da shi ba. Wannan ne ma ya sa nake ɗari-ɗari da madarar awo da ake ɗebowa daga buhu a ƙulla a farar leda: babu lambar NAFDAC a gabanka, babu ranar lalacewa, sai amanar mai shago.

Wani abin da ke yaudarar mu shi ne awo. Kafin garin madara ya zama cikakken kofi irin wanda na lissafa a sama, sai an dama wajen giram 30. 'Yar ƙaramar ledar da ake raba wa yara uku da safe launin ruwan bunu kawai take canzawa.

Kada kuma a manta da ƙwaryar Fillo. Kindirmo da nono suna da furotin da kalsiyum irin na madara, ga shi tsamin da suka yi ya cinye wani ɓangare na sukarin madarar. Mutane da yawa a yankinmu cikinsu na kumbura ko ya yi ta ƙugi in sun sha madara bayan sun girma, saboda jikinsu ya rage samar da abin da ke narkar da wannan sukarin, amma sai ka ga fura da nono ta zauna musu lafiya lau. Ɗanyar madara dai sai an tafasa, don ana iya ɗaukar tarin fuka na shanu da wasu cututtukan ta hanyarta.

Shi koren shayi sayensa babu wuya. Ganyen zube ya fi na 'yar jaka auki da ƙamshi. Ka shinshina, in ka ji warin rima ko ya koma ruwan ƙasa, ya kwana biyu. A gida a rufe shi ruf, nesa da daddawa da yaji, don yana kwasar wari. Kada a dafa shi a tukunya kamar baƙin shayi: in ruwa ya tafasa a sauke ya huce na ɗan lokaci, a jiƙa ganyen minti 2 zuwa 3. Yawancin masu cewa ɗacinsa ya hana su sha, ƙona shi suke yi.

Ni dai a gidan da ke da yara, ko mai shayarwa, ko tsoho da cin abinci ya ragu masa, idan kuɗin na abu ɗaya ne madara zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Babba mai ƙoshi da ke neman abin kurɓa bayan la'asar ko da sanyin hunturu, shi ne mai koren shayi.

Yaya ta mayar da kwali ɗaya, ta ɗauki madarar yaranta. Da muka zo kan sukari kuwa, mudu biyun da ta saba ta sa aka auna mata, ta harare ni kafin in buɗe baki.