Tendere da Tenere: Inda Suka Haɗu da Inda Suka Rabu

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tendere da tenere aikatau ɗaya ne da ake rubutawa iri biyu a Latin, tunda ka tarar da tentum a ƙarƙashin kowannensu a ƙamus. Aikatau biyu ne, ko da yake masana harshe sun mayar da su ga tushe guda, wato ten, wanda daga gare shi ne Girkanci ya samu teino. Na farko yana nufin miƙawa ko ja har abu ya ɗame, na biyu kuwa riƙewa.

Tun daga siga suka rabu. Ana jera na farko tendo, tendere, tetendi, tentum ko tensum, yana rukuni na 3 na aikatan Latin, kuma wasalin tsakiya na tendere gajere ne, don haka ƙarfin murya ke sauka a gaɓar farko. Na biyu ana jera shi teneo, tenere, tenui, tentum, yana rukuni na 2, wasalinsa na tsakiya dogo ne, a kansa kuma murya ke sauka.

A wajen amfani, tendere yana da yalwa sosai. Da shi maharbi ke ja baka, arcum tendere, da shi mafarauci ke shimfiɗa raga, daga nan kuma aka samu insidias tendere, wato ɗana wa mutum tarko ko yi masa kwanton ɓauna. Da shi mai neman afuwa ke miƙa hannu: Yuliyos Kaisar, jagoran sojojin Rum, ya ba da labarin yaƙinsa na shekara ta 57 kafin Miladiyya, inda dattawan ƙabilar Bellovaci suka fito daga garinsu suna miƙo masa hannuwa, kuma manus tendere ya rubuta. Da yake sai an ja igiyoyi tanti ke tsayuwa, sojojin Rum sun yi amfani da aikatan shi kaɗai da ma'anar kafa sansani, tantin kansa kuma tentorium ne. Amfanin da ya fi rikita ɗalibai, a ganina, shi ne inda ba a ambaci abin da aka miƙa ba sam, domin a nan ma'anarsa nufar wuri ce, kusan yadda mu ma muke cewa wane ya miƙe hanya. Hakan ne a baitin Virgil, mawaƙin Rum, tendimus in Latium, wato mun nufi Latiyum, yankin da birnin Rum yake.

Shi kuwa tenere, tushen ma'anarsa riƙewa ne. Ana riƙe abu a hannu, ana riƙe wuri kada abokan gaba su ƙwace, ana riƙe magana a ka, memoria tenere, har dariya ana riƙe ta. Idan ka ajiye iter tendere kusa da cursum tenere za ka ga bambancin a fili, domin na farko matafiyi ne ya sa gaba zuwa wani wuri, na biyu kuma matuƙin jirgin ruwa ne da bai bari iska ta kautar da shi daga hanyar da yake kai ba.

Idan aka yi musu ɗafa-goshi, rarrabewa na da sauƙi a mafi yawan sigogi, saboda tendere yana barin wasalinsa da harafin d yadda suke, kamar a extendere, intendere, ostendere da contendere, shi kuwa tenere sai wasalin ya koma i, kamar a retinere, sustinere da continere. Matsalar da ka hango tana nan a siga ta huɗu kawai, wato ta tentum. Contentus na iya fitowa daga contendere, ya ba da ma'anar abin da aka ja ya ɗame, kamar tsarkiyar baka ko muryar da aka ɗaga, yana kuma iya fitowa daga continere, ya ba da ma'anar wanda ya wadatu da abin da ke hannunsa. Ƙamus ba zai raba maka wannan gardama ba, sai ka duba jimlar: idan kalmar na tare da sunan abin da aka wadatu da shi, kamar parvo contentus, mai wadatuwa da kaɗan, to daga continere ta fito.