Tawadar azurfa ta firinta: wata uku ina aiki da ita a Yamai

Jama'a masu tambaya ta a WhatsApp kan tawadar nan da ake buga hanyoyin kuran a kan takarda, ga abin da na gani da idona. Ƙanena ne ya kawo mini ƴar kwalba daga Faransa, tsada kam wallahi akwai ta.

Garin azurfa ne mai laushin gaske a cikin ruwa, ka ɗura a kartush da sirinji, ka zana a ordinatar ka buga kamar hoto. Tun 2013 Yoshihiro Kawahara na jami'ar Tokyo da abokan aikinshi suka nuna firinta ta gida ma tana yi. Amma a samu irin Epson ko Brother masu turo tawada da piezo, wato ɗan abin da ke matso ta waje in kuran ya shige shi, ba masu zafafa ta ba. Kuma sai da takardarta mai sheƙi, a takardar fotokopi tsotsewa take yi, multimetir, na'urar auna kuran, ko motsi.

Ranar farko na buga layi santimita 10, faɗi milimita 1, ya fito baƙi-baƙi, kafin in gama shan shayi ya koma yana ƙyalli, na auna yadda yake tare kuran na samu wajen om 20. Jan ƙarfen allon kuran na gaske, irin na cikin rediyo, ko om 1 ba ya kaiwa a wannan tsawon, to wanda ke son ya ja inji ko caja da ita ya haƙura, LED da na'urar taɓawa dai lafiya lau.

Inda ta burge ni anten ne. Na buga na Wi-Fi 2.4 GHz, duka tsawonshi wajen santimita 6, na naɗe shi jikin gorar ruwa kuma yana kamawa, na kira maƙwabcina mai gyaran rediyo a Katako ya zo ya gani, ya ce Malam wannan takarda ce fa? ya yi ta juya ta a hannu. Lanƙwasa ba ta damunta, amma ka ninke ta kamar wasiƙa layin ya tsage nan take.

Dalma ba ta yi, takardar ƙonewa take, sai manne mai ɗaukar kuran, shi ma ban same shi a Babbar Kasuwa ba sai da na yi oda. Abin da ya fi ƙona mini rai lokacin hunturu ne, na yi tafiya Tawa kwana goma, na dawo ƙura da bushewa sun toshe bakin firintar, rabin tawadar ya tafi a wanki. Yanzu kullum da safe sai na buga ɗan layi guda, in rufe ta da zane. Zan sake saye, amma sai na ware mata firinta tata ita kaɗai.