Wajen gashin ƙashi da na je saboda ciwon bayan gwiwa, ga yadda muka kwashe

Kusan wata biyu ina fama da bayan gwiwata ta dama, wani abu ne kamar an cusa min ƙwai a wajen, in na zo zaman tahiya sai na karkace kamar tsoho, tsugunno kuwa ba a magana. Na shafa man zafi har fatar ta fara saɓa, mai kemis ɗin layinmu ya haɗa min da diklofenak na sha kwana goma, ciwon ya lafa amma cikina ya ɗau zafi. Ƙanwar babana ta ce sanyi ne a kira wanzami ya yi ƙaho. Daga ƙarshe wani abokina da muke kasuwa tare ya kai ni wani ƙaramin asibitin gashi mai zaman kansa a nan Kano, ba zan faɗi sunansa ba dan akwai ƙorafi a maganata.

Ni na shiga ne da niyyar a kwantar da ni a murza min wajen in tashi in tafi. Sai likitan gashin ya ce a'a Alhaji, ba zan taɓa ƙafar nan ba sai na san me ke ciki. Ya fara tambaya, ka faɗi ne, ka yi haɗarin babur, ka yi doguwar tafiya kwanan nan? Da na ce masa na dawo daga Legas a mota kuma mun kwana a hanya sai na ga fuskarsa ta canza, ya ɗauko tef irin na tela ya auna sha-raɓar ƙafafun biyu, ya taɓa ya ji ko ɗaya ta fi ɗaya ɗumi. Ashe dogon zama na sa jini ya daskare a jijiyar cikin ƙafa, kuma ciwon kan fito a bayan gwiwa, in aka murza gudan jinin zai iya ɓallewa ya wuce huhu. Ya ce masu jego da waɗanda aka yi wa tiyata ma suna cikin wannan haɗarin. Wallahi nan jikina ya yi sanyi, dan saura kaɗan na kai ƙafar wajen mai ɗori.

Ya tura ni sikanin a wani waje daban, wannan shi ne ƙorafina na farko, ba su da na'urar, sai da na hau adaidaita da ƙafa mai ciwo na je na dawo, kuɗin hoton ma ya fi na ganin likitan. Na tambaye shi me ya hana a yi eksire tunda ya fi sauƙi, ya ce eksire ƙashi yake nunawa, ruwa da jijiya sai sikanin.

Alhamdulillahi ba jini ba ne. Ruwan gaɓar ne ya yi yawa ya turo baya ya zama jaka, kumburin Baker suke ce masa, sunan wani likitan Ingila William Morrant Baker da ya yi bayaninsa tun 1877. Abin da ya burge ni bai tsaya kan jakar ba, ya ce ita alama ce kawai, yawanci amosanin gaɓa ne ko yagewar guringuntsin cikin gwiwa ke tara ruwan, shi ya sa ko an zuƙe da allura sau da yawa yakan dawo. Ya ma zana min a takarda sauran abubuwan da ke kawo ciwon wajen, jijiyar bayan cinya da 'yan ƙwallo ke ja, da ciwon da ke saukowa daga ƙugu.

Shi gashin ƙashin ba wani abin mamaki, ƙanƙara a tawul minti 15 zuwa 20, bandeji mai roba, ɗaga ƙafa a kan filo, sai motsa jiki na ƙarfafa cinya da yake tsayawa a kanka yana ƙirgawa, ba ya barin ka yi ha'inci. Ya hana ni ci gaba da ƙwayar diklofenak ɗin nan saboda olsa da ƙoda.

Ƙorafi na biyu layi. Su ba ka ƙarfe tara ka shiga sha ɗaya, benci biyu ne kacal, in an ɗauke wuta janareton sai an roƙa. Yarinyar da ke kan kati kuma kullum tana kan waya. Iyalina ta so ta je saboda bayanta amma mace mai yin gashin Talata da Alhamis kawai take zuwa, dole ta haƙura ta jira.

Zuwa shida na yi, kumburin bai ɓace duka ba amma ina zaman tahiya yanzu ba tare da na cije leɓe ba. Na ba su 7 cikin 10, likitan shi kaɗai ya ci shidan. Sati mai zuwa zan koma ya duba ko sai na ga likitan ƙashi kan guringuntsin.