Absolute Batman: labarin ya yi, kwafin da ya iso Sakkwato ne matsala

A kwamik ɗin (littafin labari mai zane) Absolute Batman, marubuci Scott Snyder da mai zane Nick Dragotta sun raba Bruce Wayne, wato Batman, da duk abin da aka san shi da shi. A wannan sabon zubi da kamfanin kwamik na DC ya fara fitarwa a Oktoban 2024, babu gadon dukiya, babu katafaren gida. Mahaifinsa malamin makaranta ne da aka harbe a gidan zu na birnin Gotham, mahaifiyarsa Martha tana raye, shi kuma injiniya ne. Alfred ma, wanda aka saba gani yana yi masa hidima, a nan ba yaron gida ba ne, ɗan leƙen asirin Ingila ne. Tambarin jemagen ƙirjinsa kuwa ruwan gatari ne, cire shi yake ya sa masa ƙota. Wallahi wannan dabarar ta burge ni.

To amma kundin farko, mai ɗauke da fitowa ta 1 zuwa 6, wanda wani mai sayarwa a intanet ya ɗoro a mota daga Legas, jabu ne tsagwaronsa. Gane shi ba wuya. Takardar ba ta da sheƙi, tana shan tawada, baƙin ya koma toka-toka. A kwamik ɗin da rabin faɗansa cikin dare ake yi, wannan kisa ne: fuskokin 'yan daban Black Mask, mugun labarin, sun haɗe da inuwa, sai ka ƙura ido kafin ka gane wa ya naushi wa. Zanen da ya mamaye shafi biyu bai haɗu a tsakiya ba, ɓangaren hagu ya ɗara na dama tsawo, wasu kalmomin ma sun nutse cikin ɗauri.

Ga gam ɗin banza. A leda kawai aka sako shi, ba kwali, ya sha zafin but ɗin mota, ya zo ya tarar da ranar Sakkwato. Buɗewa ɗaya da kyau, shafukan tsakiya suka fara zamewa.

Labarin kansa ma, da na huce, yana da nasa. Girman jikin Batman ya wuce hankali, kuma yawan komawa ƙuruciyarsa na katse faɗa daidai lokacin da ya yi daɗi. Jinin ya yi yawa, kar a miƙa wa yara.

Mai son saye ya ce a turo masa bidiyon shafukan ciki, musamman masu duhu, kuma a naɗe tsakanin kwali biyu. Kuɗin asali na biya, mutumin kuma har yau bai ɗaga waya ba.